Yadda Goggo Ta Koma Waƙa

Goggona, ƙanwar babana, ta yi tashe tun ina firamare. Waƙa ɗaya ce ta fito da ita, da Faransanci, a kan kiɗan makosa na nan Kamaru, kuma har Bonabéri, can tsallaken gadar Douala, ana sa ta a gidajen biki. Muryarta a lokacin siririya ce, mai zaƙi. Bayan wannan ta yi kaset biyu da ba su je ko'ina ba, sai maƙoƙo ya fito mata a wuya. Aka yi mata aiki. Ta warke, amma muryar ta dawo da kauri, a dishe, kamar ta mai mura. Daga nan ta koma suyar makala, wato fanken garin nan, da dafa wake a bakin layinmu a unguwar New Bell, ta fi shekara goma a haka.

Ni kuma na girma, na yi aure, na buɗe shagon kitso daf da inda take suya. Duk safiya ina jin ta tana juya makala tana rera wata waƙa da ta haɗa da kanta, a kan ruwan da ke shiga mana ɗakuna da damina, yadda muke ɗora katifa a kan tebur mu naɗe zani mu fita kasuwa. Baitocin da Hausa suke, amshin kuma Faransanci ne gauraye da Pijin, yadda dai muke magana a unguwa.

Wata rana ta leƙo shagona ta ce, "Ke 'yar nan, rufe shagon. Raka ni unguwar Deïdo."

Wurin mai sutudiyon da ya ɗauki waƙarta ta farko muka je. Ya tarbe ta da murna, ya sa aka kawo mana lemo. Ta rera masa baiti biyu. Ya kaɗa biro, sannan ya ce waƙar ta yi kyau ƙwarai, yana da wata sabuwar mawaƙiya da za ta dace da ita.

"Ke kuma sai ki fito a bidiyon, a matsayin uwarta," in ji shi. "Mutane za su ji daɗin sake ganin ki."

"Gani na suke yi kullum a bakin kasko," in ji Goggo. "Ji na nake so su yi."

"Madam, ki yi haƙuri, wannan muryar ba ta rediyo ba ce."

Ta miƙe, ta tura masa kwalbar lemon da ba ta ko buɗe ba. "Da ita nake kiran masu sayen makala, kuma suna ji na daga tsallaken titi. Tashi mu tafi."

A ƙarshe a unguwar Ndogbong muka yi aikin, a wani ɗan ɗaki na wani dattijo da ke ɗaukar waƙoƙin mawaƙan coci. Bai iya Hausa ko kalma ɗaya ba. Da ya saurari abin da ta rera, ya ce yana da na'urar da za ta iya goge dishewar. Goggo ta ce idan ya taɓa ta, za ta ɗauki jakarta. Ya yi dariya ya ce shi ma dama ba ya so.

Duk matar da ta zo kitso sai na tura mata waƙar a waya, ko ta nema ko ba ta nema ba. Daga wayoyin mata ta kai ga 'yan bensikin, masu baburan haya, suka riƙa sa ta a lasifikokinsu. Sai damina ta sauka da ƙarfi, ruwa ya shiga gidaje daga New Bell har Bonabéri, kowa ya ji kamar da shi ake.

Akwai wani gidan rediyo da ke jera waƙoƙi goma da aka fi nema, duk Asabar bayan Azahar. Muna cikin kitso muka ji ta a ta tara. Na bar kan wata mata rabi a tsefe na ruga waje ina ihu. Goggo ba ta ajiye matsamin da ke hannunta ba. Abin da ta kama daban ne.

"Me ya ce kafin ya sa ta?"

"Ya ce waƙar gargajiya daga Arewa."

"Gargajiya," ta ce. "Da jita da ganga ta bature."

Mako na gaba ta hau ta shida, sannan ta uku, kuma duk mako sai mai shirin ya maimaita wannan maganar. Ranar da ta kai ta ɗaya suka kira ta a waya, suka ce ta zo a yi hira da ita, ta taho da ƙwarya ko wani kayan kiɗan garinsu don a ɗauki hoto. Ta ce to. Ta sa atamfarta ta zuwa suna, ta saɓa jaka, muka hau bensikin. Ba ƙwarya, ba komai.

Ina zaune a bayan gilashi ina kallon su. Mai shirin mutum ne mai fara'a, ban ce mugu ba ne. Ya ce mata, "Mama, barka da zuwa Douala. Daga wane gari kike a Arewa?"

"Daga New Bell."

"A'a, ina nufin asali."

"A New Bell aka haife ni. A nan aka haifi mahaifiyata. Kakana ya sayar da goro a kasuwar garin nan tun kafin a gina benen da muke ciki." Sai ta juya harshe ta gaishe shi da yaren Duala, doguwar gaisuwa irin ta tsofaffin Deïdo. Ya tsaya yana murmushi, bai gane ko kalma ba. Ta ce, "Kai kuma ɗana, yaushe ka zo?"

Ya ce karatu ne ya kawo shi.

"To, barka da zuwa Douala."

Mai kula da na'urori ya kife kansa a kan tebur don dariya. Wayoyin gidan suka hau ƙara. Mai shirin ya daure ya yi dariyar shi ma, ya ba ta haƙuri a gaban kowa, kuma daga ranar sai ya riƙa cewa mawaƙiyar New Bell.

Waƙar ta yi makonni a sama kafin ta fara sauka. Goggo ta sake yin wasu biyu. Ɗaya ta shiga jerin, ɗayar ko leƙawa ba ta yi ba, kuma wannan ce Goggo ta fi so. An gayyace ta wani babban wasa a tsallaken gada, suka sa sunanta a farko, lokacin da ake jera kujeru. Ta ce musu ko a tsakiya ko ta zauna a gida. Suka mayar da ita tsakiya.

Yanzu tana haɗa ta huɗu. Maƙwabtanmu Fulani sun yi ƙorafin ba ta taɓa sa yarensu ba, don haka rabin baitocin da Fulatanci take yi. Ni ke riƙe mata littafin, ina rubutawa tana sa ni ina gogewa.