Shatin Yatsan Kawu Ilarie a Wuyan Jitata

Da hantsin Talata, 11 ga Maris, Allah ya karɓi ran Kawu Ilarie Suciu a gidansa da ke garin Reghin, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ciwon huhu ne ajalinsa. Muna tsakiyar gwajin kiɗa 'yarsa Sanda ta kira ni, na yasar da jitata a ƙasa, abin da ya sha yi mini faɗa a kai.

Kawu, shekara talatin ka yi a masana'anta kana fesa wa wuyan jita fentin ƙyalli, ba abin da ke hancinka sai ƙyalle. Da ka bar aiki ka buɗe ɗan shagonka, likita ya ce ranar da ka sake taɓa feshi ka yi sallama da iyali. Sai ka koma shafa wa katako mai da kakin zuma.

A nan na same ka da bas ɗina, jitar nan mai igiya huɗu da kaurin murya. Tafin hannuna mai gumi ne, kafin a raba biki biyu yatsana ya fara kafewa a fenti. Ka juya hannuna ka ce, "Toader, wannan ai hannun mai wanke-wanke ne." Ka kankare fentin da samfefa, ka shafa mai sau bakwai, kullum sau ɗaya. Kowace kaka in kawo ta ka sabunta man, matarka Inna Veturia kuma ta ɗura mini miyar kabeji. Shekara goma sha biyu hannuna bai kafe ba.

Bara aka gayyace mu gidan talabijin. Shugaban ƙungiyarmu ta kiɗa ya ce wuyan jitata ya yi baƙi kamar ƙotar fartanya, ni kuma na kwaso jiki na ce ka fesa mata ƙyalli. Ka ce, "Ba dauɗa ba ce, hannunka ne ya zauna a katakon." Na ce, "Kawu, in tsufa ya hana ka, faɗa mini in kai wa wani." Na san maganar likita, wallahi na sani. Ka ce in dawo bayan sati uku.

Hunturu ake, feshi kuwa ba ya son sanyi ko ƙura. Sai ka toshe ƙofa da taga, ka fesa fenti sau tara a cikin shagon. Wata bai zagayo ba aka kwantar da kai a asibiti. Kullum ina cewa gobe zan je neman gafara, kunya tana riƙe mini ƙafa, har goben ta ƙare. A maƙabarta Sanda ta ce, "Ba kai ba ne, shekara talatin ɗin nan ce." Ina so in yarda, na kasa.

A bayan wuyan, daidai inda babban yatsana ke zama, akwai shatin yatsa cikin fentin, kai da ba ka taɓa sakin aiki da tabo ba. Sanda ta ce tari ne ya sarƙe ka, ka dafa wurin kafin fentin ya bushe. Hannuna ya koma kafewa kamar da. Samfefar minti goma za ta raba ni da wahalar, amma da shatin za ta tafi, don haka na haƙura.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka numfashin da ka rasa a nan. Inna Veturia, Sanda, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ranar sadakar arba'in zan zo da dafaffiyar alkama, kamar yadda ake yi wa mamaci a al'adarmu, in tsaya a bakin ƙofa, in kun yarda in shigo.