Eriyar Maƙi-Kwalta

Babanmu direban masu haƙa rijiya ne har ya yi ritaya, kuma titi mai kwalta bai taɓa burge shi ba. Abokansa na ce masa Maƙi-Kwalta. Duk ƙarshen mako sai su jera tsofaffin motocinsu su nausa daji, inda waya ba ta kamawa, su dawo buɗu-buɗu da ƙura suna ta washe baki. Ni dai ban taɓa gane daɗin abin ba.

Da mantuwa ta fara kama shi, Yayanmu ya ce mukullin mota zai karɓe. Baba ya ce sai dai a haɗa da hannunsa. Aka sasanta kan rediyon kira: ɗaya a motarsa, ɗaya a gida, ni ce mai sauraro.

Ranar saye kaina ya yi zafi. Mai shago ya ce na hannu ba ya nisa, na mota yana nisa amma yana shan batir, kuma duka biyun sai da lasisi, lasisin sai da jarrabawa.

"To wanne ne mai kyau?" na ce.

"Ya danganta, Hajiya."

Da me? Da dutse, da bishiya, da tsawon eriya. Baba ya zaɓi wadda ta fi tsawo kawai, ga ta nan kamar sandar kakkaɓe yanar gizo. Abin haushi, ya ci jarrabawar tashin farko, ni sai da na maimaita.

Wata Asabar da hantsi ina yanka albasa, rediyon da ke kan firji ya yi shuu. Muryar Baba ce, amma bai faɗi lambar kiransa ba kamar yadda aka koya mana. Sunan Mamanmu ya kira, ita da ta daɗe da rasuwa.

Na saki wuƙar, na danna maɓallin. "Ni ce, Baba."

"Ina mararraba. Hanya biyu. Ban san su ba. Ina mutanen suke? Da wa na zo?"

Sai ga muryar abokinsa, Bakanike, a hankali: "Maƙi-Kwalta, tsaya nan, kashe injin. Na hango eriyarka, ga ni nan."

Na ji Baba yana numfashi. Can ya rage murya, kamar mai raɗa, ya manta duk mai rediyo yana jin sa.

"'Yar nan, don Allah kada ki gaya wa yayanki."

Na juya. Yaya na bakin ƙofar kicin da ledar cefane a hannu. Ban san tun yaushe ba. Na rasa wanda zan duba, shi ko rediyon. Ya ɗora yatsa a leɓensa, idonsa jawur.

"Ba zan gaya masa ba, Baba."

Mako na zagayowa Yaya, mutumin da ko ƙura ba ya so a takalminsa, ya zo da sassafe wai yana son a koya masa tuƙin daji. Ya zauna a kujerar direba, Baba a gefe riƙe da rediyo, yana shelanta wa duniya cewa ɗansa bai iya giya ba.

Kafin su tashi Baba ya yafito ni ta taga.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Kin ga bai san komai ba."