Ƙasar da Mai Rediyo Bai Nufa Ba

Tun yana saurayi ya gaji shagon gyaran rediyo daga kawunsa, wani ɗan matsattsen ɗaki wanda katako kaɗai ya raba shi da shagon tela. Mai Rediyo kowa yake kiransa, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci. Ya yi furfura a cikin ƙaurin dalma da ƙananan kusoshin da yake tarawa a murfin gwangwani. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma duk duniya babu waɗanda yake ganin girmansu kamar masu karanta labarai. Da zarar an fara labaran ƙasa, ko wa ya shigo sai ya ɗaga masa hannu ya jira.

Saboda haka, ranar da babbar 'yarsa ta shiga babbar sakandare ta ce ta zaɓi darasin labarin ƙasa, ji ya yi kamar an yi masa bushara. Bai tambaye ta komai ba. Ya bi layin shago-shago yana shelar cewa wata rana muryarta za ta fito daga akwatin da ya gyara da hannunsa. Tela ya raɗa mata suna 'Yar Jarida, ita kuwa sai ta yi murmushi, a zatonta tsokana ce kawai.

Haka aka tafi har jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Wata rana da la'asar ta biyo shagon, takalmanta duk taɓo, domin malaminsu ya kai su bayan gari. Ta zazzage jakarta a kan teburinsa: duwatsu, jar ƙasa a leda, da taswira mai layuka zagaye-zagaye.

"Wannan kuma fa?" in ji shi.

"Aikin labarin ƙasa ne, Baba."

"To, karanta labaran fa, yaushe za a fara koya muku?"

"Waɗanne labarai?" Ta dube shi, can sai ta dafe baki. "Baba, ai ƙasar da muke takawa ake nufi. Duwatsu, koguna, ruwan sama."

Ƙarfen dalma na hannunsa, ya manta da shi, har sai da teburin ya fara hayaƙi. Ya yi maza ya ɗaga shi. Ta bayan katako kuwa tela ya riga ya kwashe komai.

"Maƙwabci, barka! Ashe 'Yar Jaridar tamu rijiya za ta haƙa mana!"

Kunya ta rufe Mai Rediyo. "Gobe da ƙafata zan je makarantar nan," ya ce. "A canza miki. Ni ban tura ki wasan ƙasa ba."

"Idan aka canza yanzu, Baba, jarrabawa ta wuce ni, sai dai in koma baya. Kuma ni shi nake so."

Ya ɗauki dutse ɗaya zai wurgar waje, sai yatsansa ya ji wani zane a jikinsa. Ya jawo gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya kara a ido.

"Wa ya sassaƙa wannan?"

"Ba sassaƙa ba ce. Katantanwa ce ta zama dutse. Tudun da muka hau yau, a ƙarƙashin ruwa yake a da can."

"Tudun da ake hangowa daga bakin titi? Ke, ki ji tsoron Allah!"

"Wallahi, Baba."

Ya zauna daɓas a kan benci, ya juya dutsen, ya sake juya shi. Sa'an nan ya bubbuga katako da ƙarfi.

"Tela! Bar dariyar nan, zo ka ga abin da ya fi ƙarfinka."

Tela ya shigo da almakashi a hannu, ya leƙa, ya yi salati, ya sake leƙawa. Washegari Mai Rediyo ya buɗe shagonsa da wuri. Makarantar dai bai je ba.