Tsinken Awon Ƙafar Malam

Duk wanda ya tashi a unguwar Sabo ta Ibadan ya ce bai san wainar Sakinatu ba, to ko dai ba ya karya kumallo, ko kuma ƙarya yake shararawa. Tun tana amarya ta kafa tanda a tsakar gida, kuma har ta yi jikoki tandar ba ta huce ba. Ba ta ɗora wa kowa talla. Mutane ne ke zuwa da kwanukansu, har Yarabawan Mokola, su tsaya a soro suna kiran "Iya oni masa", wato uwa mai waina. Mace ce gajera, kakkaura, ga baki. In ka kawo kwano da datti sai ta wanke ka tas, sannan ta ƙara maka gyara don kada ka tafi da fushi, in ka tsaya godiya kuma ta ce ka kauce ka tare mata iska.

Irin wannan mata ce autarta Fauziyya ta ce wa ta zo hutu. Fauziyya tana aure a Istanbul, inda mijinta ke karatu, ta kuma yi ta naci a waya har uwar ta gaji ta ce to. Ita dai Sakinatu ba ta san wani abu hutu ba, in ba ranar da ƙullu ya ƙi tashi ba. Amma ba nacin ne ya ɗaga ta ba. Wani abu Fauziyya ta faɗa a tsakiyar hira, wai garin takalmin fata ne, fata mai laushi kamar auduga. Daga nan Sakinatu ta daina musu.

Dalili kuwa mijinta ne, Malam Isiyaku. Da can, lokacin yana dillancin albasa a Kasuwar Shasha, ba a yi ɗan gayu kamarsa ba. Mutum yana yini cikin laka da ɓawon albasa, amma ranar Juma'a sai ya fito da takalmi yana ƙyalli, ya bi babban titi a ƙafa yana gaisawa da jama'a, tafiyar da yaro zai yi a guje shi sai ya ci rabin safiya a kanta. Da ciwon suga ya kama shi, ƙafafun suka kumbura, duk takalmansa suka ƙi shi. 'Ya'yansa sun saya masa wasu, kowa da lambar da ya zata. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya gwada, ya ce ya yi daidai, sannan ya tura ƙarƙashin gado inda 'yan'uwansa suke. Ya koma sa silifas ɗin roba irin na banɗaki. Juma'a kuma sai ya hau okada ta lungu, ya isa ana dab da tayar da salla, ana sallamewa ya sulale, don kada a ga abin da zai ɗauka a bakin ƙofa. Ɗaurin aure ma ya daina zuwa. Bai taɓa cewa komai ba, amma abin yana ci wa Sakinatu rai ƙwarai, musamman da yamma in ta ɗora ƙafafun a cinyarta tana murza su da man kaɗanya.

Da ta tambaye shi tsarabar da yake so, cewa ya yi, "Ki dai dawo lafiya, Sakina. Ni ba na bukatar komai."

"To," in ji ta, ta tafi ta zaro tsinke a jikin tsintsiya.

A Sabo ba a ba matafiyi lambar takalmi. Wa ya yarda da lamba, abin da kowace ƙasa take da tata? Tsinken tsintsiya ake ajiyewa a ƙasa, a taka, a auna daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, a karye. Kafin ranar tafiya, jikoki da maƙwabta sun tara mata tsinkaye dami guda, kowanne da irin zaren da aka ɗaura masa don shaida. Har Iya Muhibbat ta gidan gaba, wadda suka shekara suna gaba a kan kwata, ta aiko da nata. Na Malam ne kawai sai da ta yi sata. Ta bari ya yi barcin bayan azahar, ta lallaɓa ta auna shi a hankali, ta ɗaura jan zare a tsakiya. Ba ta haɗa shi da sauran ba. Ta soke shi shi kaɗai a ƙaramin aljihun jakar hannunta, don kada ya ɓace.

A filin jirgin Legas wani ma'aikaci ya ɗaga damin yana juyawa, ya ce, "Mama, wetin be dis?" Ta ce masa ƙafafun mutanen Sabo ne, ya yi a hankali kada ya karya wa wani yatsa. Ya mayar ya rufe jakar.

Istanbul ta yi mata kyau, ba ta musa ba, sai dai tana da ƙorafi. Shayinsu ba madara, kofin kuma kamar murfin kwalba. Kyanwoyi sun cika gari, ƙatti, ba sa matsa wa kowa. Tudu ya fi na Mokola. Aka kai ta masallatai ta yi nafila, aka sa ta a jirgin ruwa ta ƙanƙame ƙarfe tana salati har aka sauka. Kullum da safe sai ta tambaya, "Yau ne kasuwar?"

Ranar kasuwar, Fauziyya ta sha mamakin uwarta. Matar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren garin ta shiga shagon takalmin mata da yara ta baje tsinkaye a kan tebur. Mai shagon, wani dattijo mai gashin baki, ya dube su ya dubi Fauziyya. Sakinatu ta ɗauki tsinke guda ta zura cikin takalmi, ya zauna ɗas, ta ɗaga ta nuna masa. Nan take mutumin ya gane, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga ikon Allah. Ciniki kuwa da Hausa ta yi shi, in ya yi tsanani ta juya Yarbanci, in ya ƙi ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa tana cewa "albarka" a madadinsa. Sai da ya kira ta ta dawo, ya ba ta shayi, ta sha tana kushewa. Da aka gama ta tsaya ba ta motsa ba.

"Mama, mu je mana," in ji Fauziyya.

"Gyarata fa? Tambaye shi."

"Mama, nan ba Shasha ba ce. Ba sa yin jara."

"Ki dai tambaye shi."

Ta fito da safa 'yan ƙanana a hannu, tana kallon 'yarta ta wutsiyar ido.

Na Malam ta bari sai ƙarshe, don ta ce ba za ta saye shi da yunwa ba. Suka zauna a wani wurin cin abinci a bakin ruwa, aka kawo gasasshen naman rago. Sakinatu ta ɗanɗana, ta ce naman ba laifi amma marayan nama ne, ta ciro ƙullin yajin ƙuli-ƙuli da ta taho da shi daga gida ta barbaɗa. Ta ci ta ƙoshi, ta jingina tana ba Fauziyya labarin rigimar kwata tun daga farkonta. Wani zaren nama ya maƙale mata a haƙori. Baki yana zuba, hannu ya shiga jaka da kansa, ya lalubo tsinke, ya karyi bakinsa. Ta sakace, ta cilla guntun cikin ruwa. Ta sake karyar wani ta miƙa wa 'yarta, "Ungo, ke ma na ga kina ta tura harshe." Fauziyya ta karɓa ta sakace, ita ma ta cilla.

Sai da za ta mayar da ragowar ne ta ga jan zare, wanda da yake tsakiya, yanzu ya dawo kusa da baki.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi ruwan, ruwan da ba ta ga ƙarshensa ba. Fauziyya ta gane abin da ya faru, dariya ta taso mata, ta toshe baki da gyale, amma da ta ga idon uwarta ya kawo ruwa sai dariyar ta koma.

"Mama, mu kira Baba mu tambaye shi lambarsa."

"Wace lamba? Lambar da ta cika ƙarƙashin gado? Kuma in ya ji, cewa zai yi a bari."

"To mu sayi babba kawai."

"Ya riƙa ja kamar ya aro? Ai gara silifas ɗin." Ta share ido da bakin mayafi. "In na kai masa wanda bai yi ba, albarka zai sa mini, ya tura ƙarƙashin gado. Ni kuma ba zan iya ganin wannan ba, Fauziyya. Saboda shi na hau jirgi."

Suka koma kasuwa, amma yanzu Sakinatu ba ta kallon shaguna. Kanta a ƙasa, ƙafafun maza take bi da ido. Wannan siririya ce, wannan gajera, wancan kamar ta agwagwa. Fauziyya tana binta tana cewa, "Mama, don Allah, ana kallonmu." Can ta hango wani ƙaton tsoho mai raba shayi a faranti, ta ce ga ƙafar Malam nan, ta bi shi. Ya shiga lungu ta shiga, ya tsaya ta tsaya. Bawan Allah ya ɗaga ƙafar dama ya duba ƙarƙashinta, ya ɗaga ta hagu, ko ya taka wani abu. Da ƙyar Fauziyya ta haɗa ɗan yaren da ta iya ta yi masa bayani. Tsohon ya ajiye farantinsa, ya dafa ƙirji, ya shige gaba har wani shagon takalmin manya, ya zauna ya miƙa ƙafa kamar ango.

Aka yi ta kawowa yana gwadawa. Wani ya shige shi daidai, ya tashi ya taka, ya juya, kowa ya ce shi ke nan. Sakinatu ta karɓi takalmin, ta zura hannu ciki, ta girgiza kai. Tsawon ya yi kusa, amma bisan ya yi ƙasa. Ƙafar Malam tana da tudu a sama, inda kumburin ya fi taruwa, wurin da kullum sai ta haɗa tafin hannu biyu kafin ta rufe shi. Ta tsaya cak da wannan tunanin. Sai ta zauna a benci, ta ɗora takalmin a cinya yadda take ɗora ƙafar, ta rufe ido, ta bi shi da hannu daga dunduniya zuwa yatsu kamar mai shafa mai. Ta ajiye, ta ce a kawo wani. Haka ta yi ta yi, har aka ɗora mata wani ruwan ƙasa, mai faɗin gaba da maɗauri a bisa. Hannunta ya tafi ya dawo, ya sake tafiya.

"Wannan," in ji ta.

Ba ta taya ba, ba ta nemi gyara ba. Fauziyya ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin haka ba.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba har ta dawo Ibadan. Gida ya cika, aka raba tsaraba, kowane tsinke ya sami takalminsa, na Iya Muhibbat ma ya yi, ta shigo da kanta ta yi godiya. Sai da jama'a suka watse bayan la'asar Sakinatu ta ajiye kwalin a gaban Malam, ta juya tana gyaran labulen da ba abin da ya same shi.

Ta ji buɗe kwali. Sannan ta ji taku, daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin gado, ya sake komawa.

"Sakina," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "tsinken nan naki bai yi ƙarya ba."

Ta juyo. "Wane tsinke?"

"Wanda kika auna ni da shi. Ai idona biyu." Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. "Har miƙe yatsuna na yi, don kada ki rage."

Sakinatu ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ya ce ba ya bukatar komai. Ta ce bari ta duba ƙullu, ta fita tsakar gida ta yi kukanta a gaban roba, tana yi tana dariya. Maganar sakace kuwa ta gargaɗi Fauziyya a waya, kuma har yau Malam bai ji ba.

Ranar Juma'a ya fito tun hantsi, ya wuce masu okada ba tare da ya dube su ba, ya hau babban titi a ƙafa. Sakinatu ta leƙo ta soro da cokalin juya waina a hannu, tana bin ƙafafun da ido, ya tsaya gaisuwa a shagon tela, ya tsaya wurin masu goro, har ya sha kwana. Ranar duk wanda ya sayi waina a gidan, ƙonanniya ya ci.