Ƙaramar Kyamara da Almakashin Baba Tanko

Cikin ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Baba Tanko ya miƙa almakashinsa. Ku da kuka shigo situdiyon nan daga baya kuna ganin hoton a bango, kuna kuma ganin wata baƙar ƙaramar kyamara a durowa, amma ba ku san abin da ya haɗa su ba.

A lokacin ni ne babban mai ɗaukar hoto, wato mai fita biki da suna da walima. Mataimakina yana zama a shago don hoton katin shaida. Maigidanmu Alhaji Sabo, wanda muke kira Fatron, shi ke karɓar aiki. Kayan aikina babbar kyamara ce mai madubi a ciki, irin wadda ake sauya wa gilashi. Hotonta ba shi da makusa. Sai dai tana da nauyi, tana ƙara in an danna, kuma dole ka ɗaga ta zuwa fuskarka ka kanne ido ɗaya. A lungunan unguwarmu ta Briqueterie, da ta fito daga jaka sai mai tsire ya ajiye wuƙa ya gyara hula, mata su juya baya. Na daɗe ina ce wa Fatron muna buƙatar ƙarama da za ta riƙa bin babbar, yana cewa sai an gani.

Wata damina, bayan babbar Salla, Hajiya Rabi ta zo daga Douala. Mahaifinta Baba Tanko shi ne dattijon masu ɗinkin babbar riga a layinmu, kuma ranar Juma'a zai sauka ya bar shagon a hannun Ali, yaron da ya tashi a wurinsa. Ta ce ba ta da hoton mahaifinta sai na katin shaida, kuma wannan rana ba za ta maimaitu ba. Ta ƙara da cewa duk mai hoton da aka taɓa kai masa, korarsa ya yi.

Na tafi gaishe da Baba Tanko hannu wofi, ba kyamara. Na cire takalmi na durƙusa. Ya tambaye ni ɗan wane ne, na ce ɗan Hassan mahauci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Ni ban ce hoto haramun ne ba. Abin da na ƙi shi ne yaro ya tsaya mini a ka, ya kanne ido ya auna ni kamar maharbi, sannan ya watsa mini wuta a fuska." Ba a daɗe da yi masa aikin ido ba. Ya yi murmushi ya ce in har zan iya ɗauka ina durƙushe, kaina a ƙasa kamar yadda nake, ba ƙara ba walƙiya, to ya yarda. Daga murmushin na gane yana ganin ba zai yiwu ba.

Washegari ni da Fatron muka hau tasi zuwa wani kanti a tsakiyar gari. Mai kantin ya jera mana kyamarori yana zuba Faransanci. Wadda ya fi turo mana ja ce mai sheƙi, mai jawo abu daga nesa, an rubuta babbar lamba a kwalinta. Fatron ya ce ita za mu ɗauka. Na ce jawo nesa aikin babbar ne, kuma tana yi. Ƙaramar za mu saya ne don abin da babbar ba ta iyawa. Na roƙi mai kantin ya kashe fitila. Na gwada jar, hoton ya fito dishi-dishi. Na gwada wata baƙa wadda gilashinta ke buɗewa sosai ya sha haske, sai ga fuskar Fatron tas. Ana iya kashe sautinta gaba ɗaya, kuma allon bayanta yana ɗagowa sama, yadda za ka riƙe ta a cinya ka duba ƙasa. Na tabbatar tana ajiye ɗanyen hoto, wato wanda ba a sarrafa ba tukuna, kamar babbar, don launinsu ya zo ɗaya wajen gyara, na kuma sa aka haɗa mana da batir na biyu.

Fatron ya juya ta a tafin hannunsa ya ce, "Wannan akwatin ashanar? Wa zai gan ka da ita ya ce ma'aikaci ne?" Ya saya dai, amma ya ce in hoton bai samu ba, ni zan yi wa Hajiya bayani da bakina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗu, aka kuma ɗauke wuta. A waje na yi hoton taron teloli da babbar, domin nan wurinta ne. Sannan na mayar da ita jaka, na cire takalmi na shiga. Shagon duhu, hasken ƙofa kawai, shi ma mutane sun tare. Na raɗa wa Hajiya ta sa su ɗan matsa gefe. Na durƙusa inda na durƙusa ranar farko, na nuna wa Baba kyamarar don kada a ce na ɗauka a ɓoye. Ya dube ta ya ce, "Ita ce wannan? To bismilla."

Ya warware wani tsohon ƙyalle ya fito da almakashin da ya zo da shi daga Kano yana saurayi. Ya yi wa Ali nasiha a taƙaice, ya ƙare da cewa kada ya kuskura ya yanka takarda da shi. Aka yi dariya. Ali ya sa hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Hannun Baba bai riga ya saki ba, na Ali ya riga ya kama. Kaina a sunkuye, na danna.

Bayan addu'a Baba ya juyo ya ce, "Ɗan Hassan, ashe ka kasa."

Na ce, "Na ɗauka, Baba."

Na miƙa masa. Ya kai allon kusa da idonsa mai lafiya, ya daɗe yana kallo. Can ya ce hularsa ta karkace kuma duk cikinmu ba wanda ya gaya masa. Sannan ya ce a wanke biyu, ɗaya na Rabi, ɗaya a rataye a shagon Ali. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Na uku Fatron ne da kansa ya sa aka wanke, ya buga ƙusa a bangon nan, bai kuma sake ambaton akwatin ashana ba. Baba bai ga wata daminar ba, Allah ya ji ƙansa.

Abin da na koya shi ne, kyamara ta biyu ba a zaɓenta da lambar da ke kwali. Ka duba inda ta farko ba ta iya shiga, ka sayi wadda za ta shiga can. Mutanenmu kuma ba hoto suke ƙi ba, a tsaya musu a ka suke ƙi. Hotunan da na ɗauka a tsaye ba su ƙirguwa, amma wanda nake alfahari da shi, a durƙushe na ɗauke shi.