Waken da Ya Sha Ruwan Alwala

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe jami'a, ina tsakiyar binciken digirina na biyu a sashen aikin gona. Irin wake kala-kala nake gwadawa, ina son in gano wanda ya fi jure fari. Aikin ba wuyar faɗa: a shuka a tukwanen roba, rabi a riƙa ba su ruwa, rabi a hana su, sannan a yi ta awon ganye da tsayi. Da aka ce kowa ya tafi gida, sai na kwaso tukwanen zuwa gidanmu a Ƙofar Jatau. Mota ba ta shiga lungunmu, da hannu na yi ta jidarsu.

Na jera su bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, na yi musu rumfa da farar leda saboda ruwan sama. Waɗanda za a hana ruwa na ɗaura musu jan zare. Na yi mata bayani sau ɗaya, da muryata da ba ta cika fita ba, ta ce ta ji.

Makonni suka wuce, masu jan zaren suka ƙi yin yaushi. Kullum ina aunawa, kullum sai ƙara kore suke. Ban gaya wa kowa ba, amma a raina har na fara ganin kaina gaban malamai ina bayyana abin da na gano.

Wata rana da la'asar na zagaya, na tarar da Kaka da ƙaramar robar da take alwala a ciki. Ba ta son ruwan alwalarta ya bi rariya, tun tasowata a gindin shuka take zuba shi. Tana bin masu jan zaren ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, waɗannan fa ba a ba su ruwa."

"Na ji ka tun ranar, Maigida. Duniya tana roƙon Allah sauƙi, kai kana azabtar da wake a bayan ɗakina? Shi ya sa har yau na ƙi tarewa."

Sauran irin yana can kulle a ma'ajiyar makaranta, ba halin sake shuka.

Na kira malamin da ke duba aikina. Ya yi dariya, sannan ya ce in daina damuwa, ai ba ni kaɗai ba ne. Ɗakunan gwaji duk a rufe suke, kowa a sashen ya koma rubutu kan annobar, kuma shi mujallu ke karɓa da sauri. Ya ce in canza batu, in riƙa kiran manoma a waya ina tambayarsu yadda kullen ya hana su samun iri da taki.

Ni da ko baƙi a zaure nake jin nauyin gaisarwa, na wuni ina kiran mutanen da ban taɓa gani ba. Aikin ya ƙare da wuri, takardar ta fito da sunana a kai. Da aka buɗe makaranta na ji ana ta yabon sashenmu, wai ba a taɓa wallafa bincike da yawa haka ba. Na duba allon da aka liƙa su, kusan duka da sunan cutar a kansu. Rumfar gwajinmu kuwa ciyawa ta cinye ta.

Cikin manoman akwai wani dattijo da ya bari na gama tambayoyina, sannan ya ce, tunda ni ɗan jami'a ne, wane irin wake zai shuka in damina ta ɗauke da wuri? Na ce masa ban sani ba tukuna.

Waken ya yi 'ya'ya sosai. Kaka ta yi alala da shi, ta aiko mini da kaso mafi girma, ta ce ladan wahala. Na ci, ya kuma yi daɗi. Na sake neman iri a makaranta, kuma wannan karon can zan bar tukwanen, don dattijon ya ce zai kira.