Tukunyar da Baba Yake Kashewa

Auta ake ce mata a gida, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki, duk da furfurar da ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Tana aiki a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasa inda babu taga ko ɗaya, tana zura zannuwan gado cikin injin guga tun safe har la'asar sakaliya. Mota biyu take hawa kafin ta kai, mota biyu kafin ta dawo. Aurenta ya mutu da daɗewa, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ita da Baba ne kaɗai a gidansu na hawa na biyu, mai ɗan kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki.

Duk wanda ya san Auta ya san tunaninta ɗaya ne a duniya: me Baba zai ci da yamma. Haƙoransa sun ƙare, likita ya hana shi gishiri da soye-soye, abincin waje kuwa ko kallo bai ishe shi ba, wai bai san hannun da ya dafa ba. Idan ta ce sai ta dawo za ta ɗora girki, kafin nama ya yi laushin da zai iya ci ya riga ya ɓingire da barci a kujera da yunwarsa, ga maganin da ba a sha sai da abinci a ciki. Shi ya sa ta sayo tukunyar lantarkin nan mai dafuwa sannu a hankali, wadda ake zuba mata komai da safe, a rufe, a jona, a kama gaba, ita kuma ta wuni tana ɗan ɓararraka har nama ya saki ƙashi.

Ranar Lahadi, ranar hutunta, a kan katakon yanka take ƙarewa. Ta yanka albasa har idonta ya yi jawur, ta fere dankali da karas da kabewa, ta rarraba nama, ta ƙulla abincin kowace rana a ledarsa ta jera a firiza. Litinin wake da nama, Talata kaza da dankali, Laraba wuyan rago, haka har mako ya zagayo. Ba ta jera wake kwana biyu saboda cikin Baba, ba ta jera kaza saboda bakinsa. Ko cikin mota ka gan ta ta yi shiru tana motsa leɓe, ba zikiri take yi ba, tunani take ko ta fitar da ledar gobe daga ƙanƙara. Tsari kam ya yi tsari. Abu ɗaya ne kawai ta manta, wato wanda ya haife ta.

Baba mai gyaran wuta ne, shekara arba'in da ɗoriya yana hawa tsani. Shi ya ja wayoyin ginin nan da suke ciki lokacin da ake gina shi, kuma har gobe yana iya nuna maka inda kowace waya ta bi a cikin bango. Tun yana saurayi ya ga gidan da dutsen guga ya cinye ƙurmus, daga ranar ya kafa doka: ba a barin komai a jone babu mai tsaronsa. Firij ne kaɗai ya tsira, shi ma sai da marigayiya ta yi yaji a kansa. To mutumin da ya yi yaƙi da firij ne zai ƙyale tukunya ta wuni tana cin wuta? Ina!

Da Auta ta sa ƙafa ta fita, sai ya miƙe ya fara zagayensa, ya zare filogin talabijin, ya zare na caja, ya shiga kicin ya zare na tukunya, ya naɗe wayar tsaf ya ɗora a kan murfi. Ta dawo ta tarar da ɗanyen nama kwance cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, ya wuni a haka, ba abin da za a yi da shi sai kwandon shara.

"Baba, don girman Allah, an yi ta ne don a bar ta a kunne!"

"Wanda ya yi ta ya taɓa kashe gobara?" in ji shi. "Ku yaran yanzu kun raina wuta. Wannan malalaciyar tukunyar taki, abin da uwarki take dafawa kafin in yi alwala shi take wuni a kai."

Babu dabarar da ba ta yi ba. Ta ɓoye soket ɗin a bayan firij, tsoho ya ture firij. Ta liƙe shi da salatif, ya ɓare abinsa a nutse, har yana yi mata faɗan ta sayi mara kyau. Ta kulle kicin, ya ɗauko sukundireba ya kwance makullin, ya kuma kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta, wai ta mai da shi ɓarawo a gidansa. Kai tukunyar gidan maƙwabciya kuwa ba ta fara ba, don Maman 'Yan Biyu aminiyar matar wanta Yaya ce, ko tari Baba ya yi kafin azahar labari ya isa can. Wasu ranakun yana yi mata alfarma, ya ja kujera ya zauna gadin tukunyar kamar mai jinya, ranar sai su ci abinci mai daɗi. Wasu ranakun kuma a kwana da shayi da burodi. Ita dai ba ta taɓa sanin wacce rana za ta tarar ba sai ta murɗa ƙofa.

Da abin ya tsaya a asarar nama, da da sauƙi. Wata Talata yunwa ta kama shi, ya buɗe tukunyar da shi da kansa ya kashe, ya ci kazar da ba ta dahu ba. Sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. A nan ne Yaya, babban wansu da ke zaune a wani gari mai nisa, ya ja ta gefe a barandar asibitin.

"Auta, ba ƙoƙarinki na raina ba. Amma in Baba ya kai inda ba za a bar shi shi kaɗai ba, zan ɗauke shi. Ga ɗaki a wurina, ga mutane a gida wuni guda."

Baba da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya kama hannunta a kan gadon asibitin ya matse. "Kada ki bari a fitar da ni daga gidan nan," ya ce. "Ni na ja wutarsa. A can ko makunnin banɗaki ban san inda yake ba." Ta yi masa alkawari, don ba ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba. Tun daga ranar barcinta ya zama rabi da rabi.

Sai ga Yaya ya bugo waya, wai aiki zai biyo da shi ta garin ranar Alhamis, zai tsaya ya ci abincin yamma da su, ya ga yadda Baba yake da idonsa. Kowa ya san abin da ake nufi da ganin ido. In ya tarar da abinci a dafe da tsoho cikin hayyacinsa, shi ke nan. In ya tarar da ɗanyen nama, ranar za a fara haɗa kaya. Auta ta nemi a ba ta hutun ranar, shugabar sashensu ta ce otal cike yake da baƙi, ko mutuwa za a yi sai an gama zannuwa.

Da safen ranar ta zuba wuyan rago da dankali da karas, ta ƙara ɗan tafarnuwa, ta jona tukunya, ta tsaya har sai da ta ga 'yar jar fitilar ta kama. Sannan ta je ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, yau Yaya zai zo. Don Allah, don darajar iyayenka, kada ka taɓa min ita. Yau kaɗai."

Ya dube ta ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ba ta kwantar mata da hankali ba ko kaɗan, don ta sha jin irinta.

Wunin ranar ba a magana. A wurin aikinsu waya a loka, akwatin ajiyar ma'aikata, ake barinta, ba mai shiga da ita wajen injina. Auta tana zura zani, zuciyarta tana kicin. Yanzu ya tashi, yanzu ya kai falo, yanzu hannunsa yana kan wayar. Sau biyu tana saka zani a karkace injin ya cukuikuye shi. Abokiyar aikinta, wadda suke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke, yatsunki za ki goge ko zanin mutane? Wallahi ban taɓa ganin macen da tukunya ta aura ba sai ke."

Auta ta yi yaƙe kawai. Da hutun rana ta ruga loka ta kira gida, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Ta ce wa kanta ai Baba ba ya jin ƙarar waya in yana ɗaki, ta kuma ce wa kanta ƙarya take yi. Abincin da ta zo da shi ko buɗewa ba ta yi ba, Rediyo ce ta share shi tana ba ta labarin surukarta.

A hanyar dawowa motar farko ta tsaya shan mai, ta biyu ta maƙale a cunkoso. Tana sauka ta hango motar Yaya a ƙofar gini, shi kuma yana fitowa da ledar lemo a hannu. Ko damar shiga ta gyara ɓarna ba ta samu ba. Suka gaisa, suka kama matakala tare, yana tambayarta aiki tana amsawa ba tare da ta san me take cewa ba.

Suna kai rabin bene ƙamshi ya tare su. Nama ne da tafarnuwa, ya dahu lugub, ya cika matakalar. Auta ta yi hamdala a zuciyarta.

"Tabɗi!" in ji Yaya. "Wannan daga gidanmu ne? Lallai Auta kin zama gwana."

Baba yana zaune a falo da farar rigarsa, talabijin tana ta surutu a gabansa. Yaya ya durƙusa gaishe shi, ita kuma ta wuce kicin da saurinta. Tukunya na nan tana ɓararraka, jar fitilarta a kunne. Sai dai kicin ɗin ya ɗau wani irin zafi. Ta waiga, sai ta ga ɗan rishon lantarkin da Baba yake dafa shayi a kai ya yi jajawur, babu komai a kansa, ga tsumman goge hannu a gefe bakinsa ya fara baƙi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake ci. Ta fizge wayar, ta cusa tsumman cikin kwandon shara, ta tura taga.

Tana tsaye a haka Baba ya leƙo, ya bar Yaya yana wanke hannu.

"Baba, na gode," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka bar min tukunyata."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗan da ya saba ba. Ya matso ya nuna bango da yatsa.

"Auta, na zo nan ɗazu. Na san akwai abin da nake yi wa waɗannan abubuwan. Na tsaya, na tsaya, har ƙafata ta gaji, na rasa mene ne." Ya dube ta kamar yaron da ya yi ɓarna. "Me nake yi musu ne?"

Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a asibiti. Da ƙyar ta ce, "Ba komai, Baba. Je ka zauna, ga abinci nan zuwa."

Abinci kam ya yi daɗi, ba a taɓa samun wanda ya kai shi ba a tukunyar nan. Nama yana narkewa a cokali. Baba ya cinye nasa tas, ya sha magani, har ya ba Yaya labarin ranar da wuta ta jefo shi daga kan tsani, labarin da duk sun haddace tun suna yara, bai kuma tsallake ko kalma ba. Yaya ya yi ƙari, ya yi ta dariya. Auta tana juya cokali a faranti, loma biyu ba ta kai ba.

Da Baba ya shiga ɗaki yin sallah, Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa. Ta raka shi bakin ƙofa.

"To, Auta, na gani da idona," ya ce yana saka takalmi. "Ashe ni ne nake tayar da hankalina a banza. Tsoho garau yake, ya ma fi ni ƙwaƙwalwa. A bar shi a gidansa. Allah ya yi miki albarka."

Abin da ta yi watanni tana roƙon Allah ta ji ke nan. Ta tsaya riƙe da ƙofa. Daga ɗaki tana jin muryar Baba yana karatu a hankali. Gobe da sassafe za ta sake fita, ta bar shi da rishon nan, ta sa wayarta a loka. In ta yi shiru yanzu, ta cika alkawari. Yaya ya riga ya taka matakala ta farko.

"Yaya," ta ce.

Ya waiwayo.

"Cire takalminka ka dawo. Akwai abin da zan nuna maka a kwandon shara."